Kafin ka matsa silikon a rufin motar nan

Ɗan ƙanwata ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da ɗan wurin girki a ciki, yana so ya riƙa bin kasuwannin ƙauye da ita yana gyaran waya. Ranar Asabar na biya ta gidansu a unguwar Yelwa da ke Garwa, rana ta take tsaka, sai na hango shi tsaye a kan rufin, ba takalmi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya saboda zafin ƙarfen, bindigar silikon a hannun dama, waya a hagu. Na ce ya sauko. Ya ce, "Kawu, minti goma ne, na ga yadda ake yi." Ban san lokacin da na ɗaga murya ba har uwarsa ta leƙo daga cikin gida.

Na yi masa tsawa ne domin ni ma na taɓa hawa irin wannan rufin, da irin wannan rana, da irin wannan bindiga, kuma abin ya ci mini mota sukutum.

Duk wanda ke Arewacin Kamaru a 2013 ya san abin da ya faru. A watan Fabrairu aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza, daga nan masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Waza da Rumsiki, masu kai su yawo kuma suka shiga sayar da motocinsu da araha. A hannun ɗaya daga cikinsu na sayi tawa a Marwa. Ni mai sayar da atamfa da shadda ne, ina cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, in wuce Figil da Gidar, wani lokaci har Marwa. Motar ta zame mini shago da masauki. Ina kwana kusa da kayana, ba kuɗin ɗaki, ba fargabar ɓarawo. Wallahi na so motar nan.

Damina ta farko ruwa ya fara ɗiga ta gefen tagar sama, daidai kan gado. Ɗigo ɗaya-ɗaya ne, na tara roba na ci gaba da harkata. Da bazara ta zo na hau na duba, na ga tsohon danƙon da ke kewaye da tagar ya bushe ya tsattsage. Na shiga shagon kayan gini na sayi silikon, irin wanda ake sa wa gilashi da wurin wanke hannu, mai warin tsami da ke shiga hanci. Ban kankare komai ba, ko tsumma ban sa na goge ƙurar hunturu ba. Na matsa shi a kan tsohon, na bi da yatsa na shafe, ya fito fari tas, na sauko ina jin daɗi. Kallon kitse nake yi wa rogo.

Amma a yi mini adalci. A lokacin wa ke sayar da danƙon da ya dace a Garwa? Na tambaya, aka ce sai an aiko daga Duwala, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai sayi silikon da yawa. Ga kuɗin makarantar yara, ga bashin dila a kaina. Duk makanikin da na nuna wa sai ya ce, "Alhaji, silikon kawai." Ban yi don sakaci ba. Ko kuma dai sakacin ne, tunda wanke rufi da ruwa da sabulu ba ya buƙatar a aiko da komai daga Duwala, ni kuma ban wanke ba.

Sai daga baya na fahimci abin da ke faruwa a saman nan. Rufin alminiyom ne, kuma alminiyom yana miƙewa da zafi yana komawa da sanyi. Kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 0.023 a kan kowane digiri. Rufi mai mita 6, idan bambancin zafin ƙarfen tsakanin asuba da azahar ya kai digiri 40, zai motsa fiye da milimita 5, yau da gobe, kullum. Silikon ɗina kuwa a kan ƙura ya zauna, bai kama ƙarfe ba. Ya ɗago ta ƙasa inda ido ba ya gani, ya zama aljihu mai riƙe ruwa, ruwan da a da yake gangarewa ya wuce yanzu ya samu wurin kwana. Ga kuma babbar masifarsa, duk inda silikon ya taɓa, babu abin da zai sake kamawa da kyau, ko fenti, ko wani danƙon, ko shi kansa sabon silikon.

Da yoyon ya dawo sai na tafi ga kwalta. Wani dattijo mai like kwanon gidaje ya narka mini ita ya sirka da kananzir, muka shafe rabin rufin. A gidan kwano dabarar tana ɗan aiki, shi ya sa ban ga laifinsa ba har yau. Amma baƙin rufi a Garwa, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa? Cikin motar ya daina kwanuwa. Da rana kwaltar ta yi laushi ta riƙa zubowa ta gefe, da hunturu ta ƙage ta fashe. Abin da ban sani ba shi ne yadda aka gina rufin: siririn alminiyom a sama, farin soso irin na cikin kwalin firji a tsakiya, 'yan sandunan katako jefi-jefi, sai siririn filawud a ciki, duk an manne su wuri guda, kuma ƙarfin rufin daga wannan mannewar yake. Kananzir yana cinye irin wannan soso. Ya bi ta tsagar ya shiga ya narkar da shi, rufin ya zama fanko a wurare.

Kuskure na ukun ne ba ni da bakin karewa. Na sa aka huda rufin aka ɗaura ƙarfen ɗora kaya da sukurun baƙin ƙarfe, don ciniki ya buɗe kuma diloli sun fi ƙarfin cikin motar. Ko da yake, in ba a sama ba ina zan sa su? Haka na riƙa gaya wa kaina, kuma har yanzu wani sashe na zuciyata bai janye ba.

A cikin wani Agusta, bayan ruwan dare a Figil, na buɗe kabad ɗin baya don in fito da shadda, na tarar da ita jiƙe, da zane-zanen ruwa launin ƙasa-ƙasa a kan farar gezna. Kabad ɗin yana can ƙarshen mota, nesa da tagar da nake ta fama da ita. Da mai gyaran bodi ya ɗaga alminiyom ɗin ya nuna mini hanyar ruwan: ta ramin sukuru na gaba yake shiga, ya bi jikin katako ya tafi baya. Katakon ya yi baƙi ƙirin, ya sa yatsa ya nutse kamar a jiƙaƙƙen burodi. Sukurun da hannu ya zare su, kowane rami ya yi farin gari a kewaye, inda baƙin ƙarfe da alminiyom suka haɗu da danshi suka ci juna. Warin fumfunar da matata ta daɗe tana cewa tana ji a kayana, ga inda yake fitowa. Kuɗin gyaran da aka yanka mini ya fi ƙarfina. Na sayar wa wani da motar, ya cire ɗakin ya mai da ita ta ɗaukar albasa.

Nakan ce wa kaina ai dama tsohuwa ce, ko ban taɓa ta ba ajalinta ya kusa. Sai in tuna mai gyaran ya nuna mini ɓangaren da hannuna bai kai ba, katakonsa fes, ko tabo babu.

Na zauna da niyyar jero muku komai dalla-dalla, amma na san ku, abin da ya wuce minti ɗaya ba ku da haƙurinsa. To ku ji kaɗan.

Ka san irin rufinka kafin ka kalli bidiyon kowa. Yawancin waɗanda kuke kallo a YouTube da TikTok 'yan Amurka ne, rufin motocinsu da yawa shimfiɗar roba ce, da irin danƙonta mai malala da kansa, kuma fetur ko kananzir yana kumbura ta. Waɗanda ke zuwa mana daga Turai galibi alminiyom ne ko faiba. Yaro zai kalli aikin wani rufi a wata ƙasa ya hau nasa yana kwaikwayo, ka tambaye shi da me aka yi rufin ya yi maka shiru yana latsa waya.

Tsohon danƙo a cire shi duka, da makankarin roba, ba da wuƙa ba don kada ka huda ƙarfen. A wanke, a goge da alkol mai digiri 90 na kantin magani, a bari ya bushe. Tagar sama kuwa kwance ta ake yi a ɗaga, a shimfiɗa tef ɗin butil a ƙarƙashinta, wanda ba ya ƙagewa, a mayar a ɗaure da sukurun da ba sa tsatsa, sannan a bi gefen da danƙon poliyuretan irin su Sikaflex. Duba kwanan watan da ke jikin kwalbar, domin wanda ya kwana biyu a shago mai zafi ya riga ya fara daskarewa a ciki. Aikin na sassafe ne, kafin ƙarfe ya ɗau zafi. Kuma ka shimfiɗa faffaɗan katako ka durƙusa a kai, kada ka taka rufin kai tsaye.

Yi da rani, lokacin da cikin rufin ya bushe. To amma poliyuretan da danshin iska yake ƙagewa, ko a yanayi mai kyau wajen milimita 3 yake yi a kwana guda, a busasshiyar iskar hunturu kuma ya fi haka jinkiri, ga ƙura na manne masa. Don haka kada ka yi da tsakiyar hunturu. Buɗe wurin ya sha iska a Fabrairu da Maris, ka like a ƙarshen Afrilu, sa'ad da iska ta fara nauyi amma ruwa bai kankama ba. In ya riske ka a hanya kafin nan, tamfol da igiya sun ishe ka.

Ka yi aikin da hannunka, kada ka ba kowa, don babu wanda zai zauna ya kankare maka tsohon danƙo da haƙurin da ake bukata, zai shafa sabo a kai ya karɓi kuɗinsa. Amma in ka danna rufin da tafin hannu ka ji ya lotsa, ko silin na ciki ya yi laushi, sauko, aikin ya wuce ka. Na san yanzu na ce kada ka ba kowa. Wannan ka kai wa mai gyaran bodi da kafinta su buɗe, ka tsaya a kansu har su gama. Like saman ruɓaɓɓen katako kulle ruwa ne a ciki.

Bayan ya ƙage, wani ya hau da tiyo ya fara zuba ruwa daga gefen ƙasa yana matsawa sama a hankali, kai kana ciki da tocila kana buɗe kowane kabad. A maimaita dubawar kafin damina da bayanta, kowace mahaɗa da kan kowane sukuru. Ƙarfen ɗora kaya kuwa, in kayanka sun fi ƙarfin cikin motar, ka rage kayan ko ka ba motar haya ta biyo ka da su. Rufin nan ba a huda shi.