Hannun Inna da ya ƙi tsayawa

Talata, ƙarfe sha ɗaya na dare. Ina kan tabarma a gefen gadon Inna a asibiti. Ta samu barci, hannun nan ya kwanta lakwas kamar ba shi ne ya hana mu sakat kwana huɗu ba.

Tun Juma'a abin ya soma. Tana jan carbi sai yatsunta na dama suka riƙa motsi da kansu. Kafin Lahadi hannun gaba ɗaya yake fizga, ƙafar dama ma ta bi sahu. Amma hankalinta ras, maganarta daidai. Ita da bakinta take cewa, "Ku riƙe min hannun nan, wallahi ba ni nake yi ba." Gwaggo ta ce iska ce, aka kira malam ya yi ruƙya, aka turara hayaƙi. Kawu ya ce farfaɗiya ce. Yau da asuba hannun ya daki bango har ya kumbura, Yaya ya ɗauko mukullin mota bai tsaya shawara da kowa ba.

Likitar da ta gan mu ta ɗan tsaya tana kallon hannun, sannan ta ce, "Mama, kina da ciwon suga?" Inna ta ce shekara shida ke nan. "Maganin fa?" Shiru. Ashe maganin suganta, metformin, ya ƙare wata uku da suka wuce, ba ta gaya wa kowa ba don kada ta ɗora mana nauyi, ta koma shan jiƙe-jiƙe. Aka huda yatsa, na'urar awon suga ta ƙi ba da lamba, sai haruffa biyu, HI. Likita ta ce irin wannan na'urar ba ta iya ƙirga abin da ya haura 600. Mai lafiya in bai karya ba, sugansa ba ya kai 100, daga 126 kuwa an shiga ciwon suga. Sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi.

Bayan an ɗaura ƙarin ruwa an fara insulin, allurar saukar da suga, likitar ta zaunar da mu ta yi bayani. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ke taka wa motsin jiki birki, shi ke hana gaɓoɓi yin abin da mutum bai sa su ba. In suga ya daɗe a sama, jini ya yi kauri, wannan sashen sai ya gaza. Da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya damar jiki, a hagu za a nemi tabon in an ɗauki hoton MRI gobe, kuma hoton ne zai nuna ko akwai alamar shanyewar ɓarin jiki. Ta ce abin ba kasafai ake ganinsa ba, ya fi kama tsofaffi, musamman mata, kuma wasu ta nan ake fara gano suna da ciwon sugan ma. Motsin kan tsaya in mutum ya yi barci, abin da Gwaggo ta kafa hujja da shi cewa aljanin ne ke hutawa. Sunan ciwon a wurin likitoci hemikoriya, daga kalmar Girkanci mai nufin rawa. Inna da ko a bikina ba ta taka rawa ba! Da na faɗa mata sai ta harare ni.

Yawanci in suga ya sauka fizgar tana lafawa cikin kwanaki ko makonni. In ta ƙi, akwai magani irin haloperidol da za a ƙara mata.

Abin da ke cin raina shi ne na ga alamu. Na ga tana kwankwaɗar ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana tashi fitsari sau huɗu sau biyar da dare, zaninta yana kwancewa saboda rama. Na ce zafi ne. Ranar Asabar ma da na ga ta galabaita, lemun kwalba mai sanyi na saya mata da hannuna.

Ƙarfe goma sugan ya sauko 310. Gwaggo ta bugo waya ta ce gobe za ta zo da rubutu da kunun gyaɗa. Na ce, "Gwaggo, ki kawo rubutun, kunun kuma bari in tambayi likita tukuna." Sha biyu nas za ta dawo ta sake huda yatsa.