Godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin bod ɗin famfon Argungu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, na'urorin da munka haɗa ma ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Argungu, masu lura da famfunan sola suna aiko rahoto ta waya, sun zauna daram, babu wadda ke mutuwa tsakar rana kuma. Waɗanda sunka ga yadda na rame cikin wanga aiki sun san ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa na ce sai na fito fili na yi godiya.

Godiya ta farko bayan ta Allah ga Malam take, malaminmu na lantarki nan Birnin Kebbi, wanda da na kai mashi bod ɗin, wato ƙaramin allon kwamfutar da ke cikin na'urar, ina ta zargin zafin rana da batir, ko taɓa waya bai yi ba ya ce in buɗe mashi fayil ɗin dts. Ga wanda bai sani ba, irin waɗannan ƙananan bod masu cif na ARM ba kamar kwamfutar tebur ba ne, Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da su, ba ya lalubo kayan da ke jikinsu da kanshi, sai an rubuta mashi komai cikin dibais tiri, wato wancan fayil ɗin dts mai jerin kayan bod, a juya shi da manhajar dtc ya koma dtb, sigar da na'ura ke iya karantawa, sannan U-Boot, manhajar da ke tada bod, ya miƙa ma kenel, wato zuciyar Linux, lokacin tashi. To cikin fayil ɗin akwai wurin memori, namu cif ɗin i.MX6ULL ne kuma ram ɗinshi, wato memorin da yake aje bayanai lokacin aiki, daga adireshin 0x80000000 yake farawa, an rubuta memory@80000000 da device_type = "memory", sai layin reg mai lamba biyu, ta farko inda ram ya fara ta biyu girmanshi. Abin da ke rubuce a wurin girman 0x20000000 ne, wato 512MB. Malam ya sa gilashi ya karanta lambar da ke bisa ram ɗin kanshi, ashe 256MB ne, 0x10000000 ya kamata a gani. Dilan da ya aiko muna kayan ya canza ram a rukuni na biyu bai faɗa ma kowa ba, Allah ya shirye shi.

Kamar a ba ka takardar gona ta ce eka biyu gare ka alhali ɗaya ce. Muddin aiki bai yi yawa ba komai lafiya lau, amma da bayanai sun taru kenel ya tsallaka rabin nan da babu shi, adireshin sai ya kewayo ya faɗa bisa abin da ke ƙasa ya murƙushe shi, na'ura ta sandare ko ta sake tashi ba gaira ba dalili. Shi ya sa a shago ba ta taɓa yin gardama, sai an kai ta gona ta daɗe tana aiki.

Sai ƙanwata a sana'a, injiniya 'yar Gusau da ke aiki Kaduna, wallahi ke kinka ƙarasa aikin. Mun gyara reg mun sake juya fayil, abu ya ƙi canzawa, /proc/meminfo, inda Linux ke nuna yawan memori, na nan yana nuna tsohon girma, ni har na fara tunanin ko katin memorin da bod ke tashi da shi ne bai karɓi sabon dtb ba. Ta waya cikin dare ta ce in tsaida U-Boot in buga bdinfo, umarnin da ke nuna bayanan bod, sai ga 512MB ɗaure cikinshi, kuma shi U-Boot yakan sake rubuta wurin memorin da lambarshi kafin ya miƙa, duk abin da ka sa cikin dts ya bi ruwa. Ta ce a gwada mem=256M cikin bootargs, wato umarnin da U-Boot ke ba kenel, don a tsaida shi kan 256MB tukuna a gani, munka gwada na'ura ta kwana tana aiki, daga nan munka gyara girman cikin U-Boot ɗin anka sake gina shi. Ita ce kuma ta ja mani kunne kan #address-cells da #size-cells, layukan dts da ke faɗin lamba nawa adireshi da girma za su ci cikin reg, namu ɗaya ɗaya ne don bod ɗin 32-bit ne, amma ranar da na koma kan mai 64-bit galibi biyu biyu zan tarar, lambobin reg su zama huɗu, kar in kwafo na wani bod in liƙa haka nan.

Ba zan manta da Baba shugaban ƙungiya ba da ya hana a karɓe aikin daga hannuna lokacin da wasu sunka fara ƙorafi, kuma suna da gaskiyarsu tunda noman rani ba ya jiran kowa. Da yayana da ya bar mani janareto da mai, da mai mashin ɗin da ke kai ni fadama ko kuɗi ba su cika ba, da Inna da addu'arta.

Duk wanda ya sayi irin wanga bod kwanan nan ya duba lambar ram ɗinshi kafin ya kai shi aiki, gyararren dts da saitin U-Boot suna wurina, ku yi mani magana in tura maku kyauta. Allah ya saka ma kowa da alheri, ya ba manomanmu albarkar shinkafa bana, amin.