Kafin dalar Washintan ta zama siminti

Aikinmu zuba kankare ne a gefen titi. Mu bakwai ne har da ni, a birnin Kolumbus na jihar Ohayo, muna gina hanyar masu tafiya a ƙasa da gangaren nan na bakin mararraba da ake yi domin masu keken guragu. Na koyi aikin siminti tun ina yaro a gida, amma sai da na buɗe nawa kamfanin a Amurka na gane cewa rabin sana'ar nan a takarda take.

Yawancin manyan ayyukan da ke zuwa hannunmu, hukumar birni ba ta iya ɗaukar nauyinsu ita kaɗai, sai ta nemi tallafin gwamnatin tarayya. A Nuwamban 2021 Shugaba Biden ya sa hannu a babbar dokar gine-ginen more rayuwa, a cikinta aka ware dala biliyan 5 na shekara biyar domin shirin Safe Streets and Roads for All, na rage mace-mace a kan tituna. Ba raba kuɗin ake yi kamar zakka ba. Gasa ce. Dole birni ya fara rubuta tsarinsa, ya nuna titunan da aka fi yin haɗari a kansu, kafin ya nemi kuɗin gini. Idan ya dace, tarayya ta ɗauki kashi 80 cikin 100, shi kuma ya nemo kashi 20. A zagayen farko, Fabrairun 2023, Kolumbus ta samu dala miliyan 12 domin gyaran titin Livingston.

Ranar da irin wannan labari ya fito, sai 'yan'uwa su yi ta kirana suna cewa, "Alhaji, kaka ta yi." Nakan ce musu su dakata. Daga sanarwa zuwa ranar da motar kankare za ta tsaya a wurin, akwai yarjejeniya tsakanin birni da Ma'aikatar Sufuri, akwai binciken muhalli, akwai zane, akwai tallar kwangila. Shekara biyu ko uku na iya wucewa. Kuma ba a damƙa wa birni kuɗin a gaba. Yana kashe nasa ne, ya kai shaida, a mayar masa. Shi ya biya babban ɗan kwangila, babban ɗan kwangila ya biya mu. Mu ne a ƙarshen layi, alhali ma'aikatana duk Juma'a suke karɓar haƙƙinsu, mai siminti ma ba ya jira.

Akwai shekarar da wani kamfani ya riƙe mana kuɗi kusan wata uku. Na ci bashi na biya yarana, ban rage wa kowa ko sisi ba, amma na sha rashin barci. Tun daga lokacin ba na karɓar aikin da ya fi ƙarfin abin da zan iya riƙewa na wata biyu da aljihuna.

Duk da haka ina son aikin da kuɗin tarayya ke ciki. Dokar Davis-Bacon ta 1931 ta tilasta a biya kowane lebura da magini albashin da aka tsayar wa yankin, kuma kowane mako mu miƙa takardar da ke nuna wa ya yi aiki, awa nawa, nawa aka ba shi. Uwargidana ce ke zama a kanta daren Lahadi. Takardar tana da cin rai, amma ita ke hana wani ya karya farashi ta hanyar danne leburorinsa. Rodin ma sai wanda aka narka a Amurka, da shaidarsa a hannu.

Sai gangaren kansa, wanda shi ne zuciyar aikin. Bisa ƙa'idar dokar naƙasassu ta 1990, duk tashin inci 1 sai an ba shi tsawon inci 12, karkatar gefe kuma kada ta wuce kashi 2 cikin 100. A bakinsa a kafa faranti mai ƙuraje, domin makaho ya ji da sandarsa ko ƙafarsa cewa ya iso titi. Sufeto yana zuwa da ma'auninsa, in ya wuce da ɗan kaɗan sai a fasa a sake, a kuɗinka. Shi ya sa nake sa yarana su ɗaure katako ƙasa da iyakar, don kankare yana motsi kafin ya kama. Wanda bai taɓa tura keken guragu ba zai ga kamar tsanani ne. Ni na tura mahaifiyata a cikinsa shekarunta na ƙarshe, na san yadda 'yar karkata ke fisgar keke zuwa cikin motoci.

Yanzu ido na kan LinkUS, shirin sufuri na yankin Kolumbus, tunda a Nuwamban 2024 masu zaɓe suka amince da ƙarin harajin saye domin layukan bas masu sauri da sababbin hanyoyin ƙafa. Wannan harajin ne zai ba yankin abin ɗorawa idan ya je neman kason tarayya. Sanyi ya kusa shigowa, kankare kuma ba ya son ƙanƙara, don haka watannin nan na gyaran mota ne da lissafin farashi, sai Afrilu mu koma titi in Allah Ya kai mu.