Tsatsa da Aikin Ƙarfe: Abin da Sana'a Ta Koya Mini

Ina da ƙaramin kamfani na ƙera ƙofofi, tagogi da ƙafafun tankunan ruwa, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki a hannuna, kafin in bar shi ya taɓa injin walda, sai na ajiye masa kwalabe uku da ƙusoshi uku. Ta farko muna tsoma rabinta cikin ruwa mu bar bakin kwalbar a buɗe, ta biyu mu nutsar da ita cikin tafasasshen ruwa mu zuba mai a samansa don kada iska ta shiga, ta uku kuma mu sa ta a busasshiyar kwalba mu toshe. Bayan 'yan kwanaki, ta farkon ce kaɗai take yin ja. Da idonsa yaron yake ganin cewa ruwa shi kaɗai ba ya cin ƙarfe, iska ma ita kaɗai ba ta cinsa, sai sun haɗu.

Abin da ke faruwa a jikin ƙusar aiki ne irin na batir. A wani gefe ƙarfen yana sakin ƙwayoyin lantarki, wato elektiron, yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin danshi, a wani gefen kuma iskar oksijin tana karɓar waɗannan ƙwayoyin, daga nan abubuwan biyu su haɗu su zama jan garin da muke kira tsatsa. Gishiri yana sa ruwa ya fi ɗaukar lantarki, shi ya sa ƙarfen da ke kusa da teku yake saurin lalacewa. Babban aibin tsatsa shi ne ba ta manne wa ƙarfe. Takan kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta ɓamɓare, ta bar sabuwar fuska a buɗe, alhali sanholo idan ya haɗu da oksijin siririyar fata yake yi mai ƙarfi wadda take kare abin da ke ƙarƙashinta. Wannan kumburin ne yake tsaga kankare idan rodin da ke ciki ya yi tsatsa.

Na koyi darasi mafi tsada a kan wata ƙofa da na ƙera a farkon sana'ata. Na yi mata fenti mai kyau, amma ba a daɗe ba mai ita ya dawo da ƙorafi, kuma da na danna bututun ƙasa da sukudireba sai ya ɓurme, wani jan ruwa ya tsiyayo. Ruwan sama ya riƙa shiga ta wata 'yar kafa da na bari a wurin walda, ya kwanta a ciki, ya ci bututun daga ciki zuwa waje, fentin kuwa yana nan da ƙyallinsa. Na sake aikin da kuɗina, kuma tun daga ranar ba na fitar da bututu sai na liƙe bakinsa ruf ko na huda masa mafitar ruwa a ƙasa.

A ganina, rabin kariyar ƙarfe ana gama ta ne kafin a buɗe gwangwanin fenti. Dole a kankare tsatsa da buroshin waya ko injin gurza har farin ƙarfe ya bayyana, a ɓamɓare dattin walda, a goge maiƙo, sannan a shafa fentin share fage a ranar, domin gogaggen ƙarfe ba ya jiran gobe. Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ya rufe cuta ne kawai, kuma ina ɗaukar hakan a matsayin ha'intar mai kaya. Fenti ma ba ya dawwama, domin Hasumiyar Eiffel da ke Faransa, wadda aka kammala a 1889, kusan duk bayan shekara bakwai ake sabunta nata.

Inda danshi ya yi yawa nakan ba da shawarar ƙarfen da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salsiyos. Tutiya ta fi ƙarfe saurin sakin elektiron, saboda haka ko an karce jikin, ita ce take fara lalacewa, ƙarfen ya tsira. Kuza, wadda ita ma ake rufe ƙarfe da ita, akasin haka take, domin da zarar ta karce, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ne yake saurin ciwuwa. Akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913, wanda ke ɗauke da wani ma'adini mai suna kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, sai dai tsadarsa takan hana a yi manyan ayyuka da shi.

Walda a kan ƙarfe mai tutiya tana ƙone rufin, tana kuma fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, don haka nakan sa yarana su goge tutiyar daga wurin haɗin tukuna, su yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, sannan su shafe wurin da fenti mai garin tutiya da zarar ya huce.