Yadda neman doki 300 ya cinye min inji a hanyar Wudil

Har yau idan na buɗe durowar da nake ajiye takardun mota sai na ci karo da metal ɗin nan na silinda ta uku, wato ɗan ƙarfen da ke tsakanin kwanrod da karanshaf a cikin inji, ya yi baƙi ya murɗe kamar an gasa shi a murhu, kuma na ƙi jefar da shi da gangan. Shi ne ladan da na samu na yarda da lambar da na gani a intanet.

Motar Civic ce 'yar 1998, na sa mata injin Honda K24A2 na motar Acura TSX da aka kawo min daga kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas, da giya mai shida. Dasa injin da haɗa waya da sauransu duk sun tafi lafiya, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Niyyata tun farko ita ce ba turbo, ba wani abu da zai tura wa inji iska, ya shaƙa da kansa, kuma ina son ƙarfin injin ya kai doki 300. Daga ina na samo 300? Daga bidiyon 'yan Amurka mana. Kullum sai ka ga wani ya ɗora mota a kan daino, na'urar auna ƙarfin mota, ta yi kururuwa an nuna 300 da wani abu, ni kuwa na ce ai injin ɗaya ne, abin da ya yi su shi ya yi ni.

To na sa kamshaf masu tsini, na canza sifirin na bawul, na sa manifol na Civic Si wanda ake kira RBC, da heda da salansa mai faɗi, da biren bokis da ake iya shiga da kwamfuta a sauya lissafi. Ƙasan injin ban taɓa ba, fistan da kwanrod da famfon baƙin mai duk na kamfani. Famfon nan fa. Ogan garejinmu da muke ce wa Baba, mutumin da ya fi shekara talatin yana kwance injin Honda, ya riƙe som, kaskon baƙin mai na ƙasan inji, a hannu ya ce min "ɗana, tunda an riga an buɗe, ka canza famfon nan ka sa na injin K20 mai lita 2, wannan mai balansa ba a yi shi don irin gudun da kake nufi ba." Na ce Baba a bari sai wani wata, kuɗin sun tafi a kamshaf. Ya ce to, ya mayar da som ya ɗaure. Bai ƙara cewa komai ba, kuma wallahi shirun nan ya fi min ciwo yanzu fiye da a ce zagina ya yi.

Injin nan daga kamfani doki 200 yake bayarwa, jan layinsa, wato iyakar juyin da kamfani ya yarda da shi, a juyi 7,100 a minti. Da sabbin kamshaf sai na ji yana ci gaba da ja har inda kwamfuta ke yanke shi, sai na ɗaga zuwa 7,800, ya yi daɗi, na ɗaga zuwa 8,200, daga nan wani dare ina zaune da laftof a cinya na rubuta 8,600 don na lissafa cewa sai a can sama lambar da nake nema take. Sati uku na yi ina jin daɗi, in VTEC, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul in juyi ya yi sama, ya shiga sai ka ji kamar an yage ƙyalle. Ran wata Asabar da yamma a watan Afrilu, zafin nan na Kano da ko kare ba ya fita, na kama hanyar Wudil na taka a giya ta uku har ƙarshe, na sa ta huɗu, sai na ji wani ƙas ƙas ƙas daga ƙasa kamar ana buga ƙofar langa-langa da cokali. Fitilar baƙin mai ta ɗan yi walƙiya. Na kashe na gangara gefen titi, na zauna na riƙe sitiyari kusan minti goma ban fita ba, domin na san abin da ya faru, inji ya buga.

Da muka yanka filta a gareji, cikinta ƙyalƙyali ne kamar an barbaɗa garin tagulla. Metal ya juya, karanshaf ya ci, kwanrod ɗaya ya canza launi. Famfon K24 yana haɗe da sandunan nan biyu masu rage jijjiga, kuma in juyi ya yi sama da yawa sai ya koma kaɗa kumfa maimakon tura mai, metal kuwa da zarar mai ya yanke masa na ɗan lokaci shi ke nan. Kowa a harkar ya san wannan, ni ma na karanta, Baba ma ya faɗa min baki da baki. Kuɗin famfon bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe wajen gyara ba. Garin neman gira na rasa ido, ba wani suna da za a sa masa.

Wata huɗu motar na kan jak, a nan ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Inji marar turbo iskar da silinda za ta iya ɗauka a shaƙa ɗaya ita ce iyakarsa, shi ya sa ƙarfin murɗawarsa ba ya nisa da Nm 100 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa) a kowace lita, mai kyau sosai ya ɗan haura. Nawa lita 2.4 ne, kamfani ya ba shi kusan Nm 225. Doki kuwa ba komai ba ne illa ƙarfin murɗawa sau juyi. In na yi sa'a na riƙe Nm 240 har sama, sai na kai juyi kusan 8,900 kafin in ga 300, a karanshaf ma ke nan ba a taya ba, kuma tsakanin inji da taya giya na cinye kamar kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Su waɗancan na bidiyo a taya suke nuna 300, wato injin na ba da wajen 340 ko fiye.

Ga kuma abin da ya fi ba ni haushi da kaina. Fistan na K24 tafiyar milimita 99 yake yi sama da ƙasa. A 8,600 da na rubuta da hannuna, yana gudun sama da mita 28 a daƙiƙa. S2000, motar gudu da Honda ta fitar a 1999, wadda duniya ta yi ta mamakin tana kai 9,000, tafiyar fistan ɗinta milimita 84 ce, gudunsa mita 25 da ɗan kai. Wato na sa injin mota mai ƙofa huɗu ta zuwa ofis ya yi abin da ya fi na S2000, da famfon da aka ce in canza na ƙi. Ita Honda da kanta da ta ƙara tsawon tafiyar fistan a S2000 ta Amurka a 2004 ta mayar da injin lita 2.2, sai ta sauke jan layi zuwa 8,000. Injiniyoyinsu sun ja da baya, ni ɗan laftof na ce gaba dai gaba dai. Kuma S2000 ɗin doki 240 take bayarwa daga lita 2, wato 120 a lita, ko da na kamo ta a wannan ma'auni injina bai wuce 280 da 'yan kai ba.

Ba wai 300 ɗin ƙarya ba ce, ana yi. Amma je ka duba abin da ke cikin injinan, fistan masu matsi 12.5 ko 13 (wato sau nawa suke matse iska da fetur a silinda), kan silinda da aka sassaƙe hanyoyin iskarsa, wasu kowace silinda da maƙogwaronta, kuma da yawansu E85 suke sha, man nan mai yawan itanol. Mu nan fetur iri ɗaya ne a gidan mai, ba wanda zai tambaye ka wane kake so, ka sa matsi 13 a kansa a watan Afrilu ka ga yadda fistan zai narke. Shi ya sa a gyaran na tsaya a 10.5 na kamfani duk da abokai na ta zuga ni wai tunda an buɗe a ƙara. Kalmar "tunda an buɗe" ɗin nan wuri ɗaya kawai na yarda da ita, famfo. Na sa na K20, na sa som mai shinge a ciki don kada mai ya gudu gefe a kwana, na sa agogon baƙin mai a gaban idona, na rufe juyi a 7,800.

Da na kai ta Legas aka ɗora a daino, 214 ta nuna a taya. Na ɗan yi shiru, mai na'urar ya ce lafiya? Na ce lafiya lau. A karanshaf wajen 245 ke nan, sama da doki 100 a lita, da man gidan mai. Kuma Legas bakin teku ce. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, inji marar turbo kuwa yana rasa kamar kashi 1 cikin ɗari a kowace mita 100, ga zafin digiri 40 da ke sa iska ta yi sako-sako, ga kwamfuta na janye wuta don kare inji. Da rana tsaka a bazara na san ko 200 ba na samu, in na hau Jos kuwa abin ya fi haka sauka, amma da asuba lokacin hunturu sai ka rantse an canza mata inji.

Civic ɗin ba ta da nauyi, 214 a jikinta ta ishe ni tsoro a giya ta biyu. Wani yaro ya zo gareji kwanan baya da K24 a bayan a-kori-kura yana cewa 300 yake so, Baba ko ɗago kai bai yi ba daga injin da yake ɗaurewa, ya nuna ni da sifana ya ce "je ka tambayi yayanka nawa ne kuɗin famfo."