Inuwa ce ke tona asirin hoton da aka haɗa

A ɗauki katin gayyatar biki da aka yanko hoton ango aka ɗora shi a gaban wani lambu. Yankan ya fita tas, babu karo ko ɗaya a gefen hularsa. Amma duk wanda ya kalla sai ya ji wani abu bai zauna ba, ko da ba zai iya faɗin mene ne ba. Idan aka duba da kyau, haske ya bugi fuskar angon daga hagu, su kuwa bishiyoyin lambun inuwarsu ma hagu ta faɗi, wato ranarsu tana dama. Rana biyu a hoto ɗaya. Masu koyon manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop da GIMP sukan ƙarar da awanni wajen gyara gefen yanka, alhali abin da ido ke fara kamawa shi ne haske.

Saboda haka kafin a yanke komai, a jera hotunan biyu a tambayi kai: daga ina haske ya zo, kuma mai kaifi ne irin na tsakar rana ko mai laushi irin na ranar hadari? Idan ɓangarorin sun saɓa, a juya hoton wurin da ke bayan mutumin, hagu ya koma dama. Kada a juya mutumin. Rubutun da ke rigarsa zai birkice, kuma wanda ke miƙa hannun dama zai koma yana gaisawa da hagu, abin da wanda ya ba da aikin ba zai yafe ba. Sai tsayin kyamara. Wanda aka ɗauka daga ƙasa ba zai zauna a filin da aka ɗauka daga bene ba, duk ƙwarewar mai gyara. Layin da ƙasa ta haɗu da sama dole ya ratsa hotunan biyu a tsayi ɗaya. In hakan bai samu ba, neman wani hoton ya fi sauƙi.

Inuwa kuwa iri biyu ce, kuma ta farkon ce aka fi mantawa. Ita ce 'yar siririyar nan mai duhu da ke daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa. Idan babu ita, mutum zai yi kamar yana shawagi. Ana yin ta a sabuwar leya, wato ɗaya daga cikin shimfiɗun da manhajar ke jera sassan hoto a kansu, ƙarƙashin ta mutumin, a sa yanayin leyar a Multiply, wanda ke ƙara wa abin da ke ƙasansa duhu, a ɗauki burushi mai laushi da ƙarfin kashi 20 zuwa 30, a riƙa shafawa kaɗan-kaɗan. Launin kada ya zama baƙi ƙirin. A tsinko shi daga wurin da ya fi duhu a ƙasar hoton, domin inuwar da ta faɗi kan jar ƙasa tana da ja a cikinta. Ta biyun ita ce doguwar da ke miƙewa nesa da jiki. Tana da kaifi kusa da ƙafa, tana dusashewa tana yin laushi yayin da take nisa. Wanda ya yi mata laushi iri ɗaya daga tushe har ƙarshe ya zana tabo ne kawai.

Bayan inuwa sai daidaita duhu da launi. Dabarar da ta fi aiki ita ce a ɗora leyar da za ta mayar da komai baƙi da fari a can sama na ɗan lokaci, don launi ya daina ruɗar ido. Nan take za a ga ko baƙin rigar mutumin ya fi duk wani baƙi na bayansa duhu. A gyara da Curves, abin daidaita haske da duhu, a maƙale leyar gyaran a jikin leyar mutumin kaɗai, wanda a Photoshop Ctrl da Alt da G ke yi. Sai an daidaita wannan za a cire baƙi da farin a koma kan launi. Daga ƙarshe a watsa ɗan gari-garin nan da kyamara ke bari a hoto, kashi 1 ko 2, a kan aikin gaba ɗaya, ya haɗe sassan kamar kyamara ɗaya ta ɗauke su.

Darasi na gaba ya fi tsada, don sai an yi asara ake koyonsa: kada a taɓa ainihin hoton. Tun 1994 da Photoshop 3.0 ya zo da leya babu dalilin goge abu har abada, amma har yau hannun sabon shiga magogi yake fara kaiwa. Abin da ya dace shi ne labulen leya, wanda manhajar ke kira Mask. Baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanawa, toka-toka yana nuna rabi. Idan aka ci kunnen mutum bisa kuskure, a danna X launukan su musanya, a shafa fari, kunne ya dawo, ko bayan mako guda ne. Tokar ce ke ceton mayafi mai shara-shara: a shafa ta a labulen, bayan ya riƙa lekowa ta cikin yadin kamar yadda yake a zahiri. Idan wani farin zare ya kewaye mutum bayan yanka, ragowar tsohon baya ne. A matse labulen ciki da fiksel 1 ko 2, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, a tausasa gefen da rabin fiksel zuwa ɗaya.

Haka ma girma. Hoton da ke da faɗin fiksel 4000, aka rage shi zuwa 500, aka sake ja, ba zai dawo ba, domin an riga an zubar da bayanan. A Photoshop, mayar da leyar ta zama Smart Object, wanda ke adana ainihin hoton a cikinsa, kafin ragewa yana hana wannan. A ajiye aikin da leyoyinsa, PSD a Photoshop, XCF a GIMP, KRA a Krita, a fitar da JPEG sau ɗaya a ƙarshe. JPEG yana matse hoto a ƙananan murabba'ai na fiksel 8 sau 8, kuma duk gyara da sake ajiyewa yana ƙara lalata su. Shi ya sa hoton da ya zaga WhatsApp ba ya ɗaukar gyara. A roƙi mai aiki ya turo shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba.

Gyaran fata shi ne inda aka fi wuce gona da iri. Ana raba hoton gida biyu, leyar launi da aka dusasar da Gaussian Blur da leyar ƙwayar fata a kanta a yanayin Linear Light, don a gyara ɗaya ba tare da taɓa ɗaya ba. Dabarar ba ta da laifi. Laifin na wanda ya murje leyar launi har kumatu da goshi suka zama shafaffu kamar 'yar tsana. Abin da ke ba fuska siffa shi ne tashi da faɗuwar haske, musamman a baƙar fata, inda sheƙin goshi da na kan hanci ke ɗauke da kusan dukkan tsarin fuskar. Idan aka ɗaga haske gaba ɗaya don a "fito da" mutum, fatar takan yi fari-fari kamar ta wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba, wuya da hannuwa kuma su tsaya a launinsu na asali su ƙaryata fuskar. Hanya mafi aminci ita ce leya cike da toka ta kashi 50 a yanayin Soft Light, da burushin da zubarsa ba ta wuce kashi 2 zuwa 4 ba: fari a inda ake son ɗagawa, baƙi a inda ake son saukewa. Aiki ne mai cin lokaci. Ƙuraje a cire su, amma tsage da tawadar Allah na mai su ne, sai in shi ya nema.

Mai zane da alƙalamin allo, Wacom ne ko Huion, dokar hasken nan ce dai ke kansa. A fara da toka kala uku ko huɗu da babban burushi, a raba haske da duhu kafin a zaɓi launi ko ɗaya. Zuƙo hoto tun da wuri don zana gashin ido ɓata lokaci ne. Siffar da ba ta karantu tana ƙarama kamar kan sarki ba, ado ba zai cece ta ba. A riƙa juya allon zanen hagu da dama, karkacewar da ido ya saba da ita sai ta fito fili. Abin da ke nesa kuma yana rasa duhu da kaifi, kamar yadda dutse ke yin fari-fari cikin hazo. Burushi mai laushi shi kaɗai yana sa zane ya yi laka-laka. Dole wasu gefuna su yi kaifi.

Sauran kurakuran sai a wurin ɗab'i suke fitowa. Allo yana aiki da haske, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, don haka koren nan mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi sukan mutu a takarda. A duba aikin a yanayin CMYK, wato na tawada huɗun nan, tun ana tsakiya. Takardar A4 a fiksel 300 kowane inci tana buƙatar 2480 sau 3508, da ƙarin milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Babban allon talla da ake kallo daga nesa ba ya buƙatar ko rabin wannan. Ƙananan rubutu baƙi a bar su da baƙar tawada kaɗai, don idan aka haɗa huɗun, farantin da ke buga launi ɗaya ya ɗan goce, harufan za su yi inuwa mai launi. Kuma yawancin allo an ƙure masa haske, abin da ke sa hoto ya fito daga inji da duhu fiye da yadda aka gan shi. A buga kwafi ɗaya, a fita da shi waje a duba fuskar a hasken rana, kafin a ce wa mai inji ya saki dubu.