Ramukan da Goggo ta gani

Ruwan alwala ne ya fara tuna mini da wankin haƙoran da aka yi mini jiya a asibiti. Na manta na kurkure baki da ruwan randa, ga sanyin hunturu, wani zafi ya harba har tsakar kaina, sai da na dafa bango. Na koma ruwan ɗumi da gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi guda, yadda likita ta ce. In na tofar akwai ɗan jini, amma bai kai na daren jiya ba.

Karin kumallo kunun gyaɗa, shi ma sai da ya huce. Ƙosai kuwa sai ido. Auta ya haɗa da nawa ya dangwale da yaji a gabana.

Da hantsi Goggo ta shigo, goro a kumatu. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Buɗe in ga abin da aka yi miki da kuɗin nan." Na buɗe. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta tafa hannu. "Ke 'yar nan, sun kankare miki haƙora! Da a haɗe suke, yanzu ga ramuka kamar taga. Mu da asuwaki muka tashi, wa ya taɓa zura mana ƙarfe a baki?"

Na ce, "Goggo, ba haƙorin aka kankare ba. Datti ne ya kafe ya zama kamar dutse, ya shige har ƙarƙashin dasashi, shi ya sa aka yi mini allurar kashe zafi kafin a bi saiwar." Har labarin ɗan ƙarfen awo na ba ta, cewa lafiyayyen dasashi zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne, nawa ta can ciki akwai inda ya kai 5. Ta taɓe baki. "To ai dutsen ne ke riƙe da su. Zuba ido, sai sun fara girgiɗi." Ta tofar da jan yawu a makwarara, ta koma zancen anko. Na so in tambaye ta ina turamenta biyu na hagu suka tafi, na haɗiye.

A gabanta dariya na yi. Tana fita na tsaya gaban madubi. Ramukan na nan, ƙanana baƙaƙe tsakanin haƙoran ƙasa, in na ja numfashi iska na bi ta ciki. Likita ta gaya mini tun jiya cewa in kumburin ya saɓe za su ƙara bayyana, kuma naman da ya janye ba ya dawowa da kansa. A kan kujerarta kai kawai na gyaɗa, baki a sage. Yau maganar ta zauna mini. Shekara nawa ina ganin jini a buroshi ina cewa ƙarfin hannu ne? Ni ce ma mai zaɓen buroshi mai tauri a kanti, wai ya fi fitar da datti.

Da rana tuwo miyar kuka, ba yaji. Lami.

Bayan isha'i sabon buroshi mai laushi, a hankali. Na jira rabin awa bayan makilin kafin in kurkure da chlorhexidine, maganin wanke bakin nan mai ɗaci, wanda aka ce kar in wuce sati biyu da shi don yana rina haƙori. Komawa asibiti sai bayan sati shida.

Abban yara ya shigo da tsire, wai ya manta. Ƙamshin ya cika ɗaki. Ina kwance, harshena ya ƙi barin ramukan nan, sai taɓa haƙorin tsakiyar nake da yatsa in ji ko ya motsa.